Na'urar gano kifi a jirgina: tana aiki, amma sai da na ware mata batiri

Abokan sana'a a bakin ruwan Yawuri suna yawan tambayata ko na'urar gano kifin da na ɗaura wa jirgina ta ci kuɗinta. Ta ci. Sai dai duk wanda zai saya ya haɗa da kuɗin batiri da waya mai kauri a lissafinsa, domin a nan na sha wahalarta.

Ƙarama ce, allonta bai kai tafin hannu ba. Tana da kai guda da ake ɗaurawa a bayan jirgi cikin ruwa, shi ke tura sauti ƙasa ya karɓi amsa, allon ya nuna zurfi da abin da ke tsakani. Tafkin Kainji ba ruwan da za ka jefa raga da ka ba ne. Tun da aka kammala dam ɗin a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuka, kututturan suna nan a ƙasa suna yaga raga. Ganin su a allo kafin in saki raga ya fi mini ganin kifin kansa amfani, ko da yake tana nuna garken ƙarfasa sosai.

Matsalar da ta fara ita ce mutuwa. Da na murɗa makullin inji, sai allo ya ɗauke ɗif, in sake kunnawa. Wani lokacin ma muna tsakiyar ruwa, igiyar ruwa ta bugi jirgi, ta mutu. In na ƙara wa inji wuta kuma, sai layuka su cika allon kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta karkace. Mai shagon da ya sayar mini cewa ya yi in kawo a aika da ita gyara, bai ko tambayi yadda na haɗa mata wuta ba.

Wani yaro mai riwaya ne ya warware zancen da mitarsa. Ya auna kan batiri inji na kashe, ya samu bolt 12.6, wato a cike yake. Ya sa na tayar da inji yana kallon mita, lambar ta faɗo ƙasa da 10 na ɗan lokaci. Ya ce, “Baba, ka gani? Sitata ce ke shanye wutar, na'urar kuma ba ta jure ƙasa da goma.” Takardar da ta zo da ita ma haka ta rubuta. Daga nan ya bi jar waya da hannu har gidan fiyus. Da ya buɗe, ƙarfen ciki ya yi kore shar, fiyus ɗin mai lamba 3 bai ƙone ba amma yana rawa a mazauninsa. Shi ke yanke wuta in jirgi ya girgiza. Abin da ya fi burge ni, bai tsaya a kan batiri ba, ya auna har bakin fulogin da ke shiga na'urar, nan ya nuna mini wutar da siririyar wayar da aka yi ƙari da ita ke cinyewa a hanya.

Gyaran bai ɗauki yini ba. Ya goge kawunan da samfefa, ya shafa musu basilin, ya sauya gidan fiyus, ya cire ƙarin wayar. Sannan na sayi ƙaramin busasshen batiri mai bolt 12, irin mai lamba 7 da ake sa wa UPS, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, na ware mata shi ita kaɗai. Na yanke jarka na zaunar da shi ciki saboda fantsamar ruwa. Na'urar ba ta jan ko rabin amfiya (ma'aunin wutar da abu ke sha), don haka yana kai ni tun asuba har la'asar, washegari da rana kuma sola ta cika shi. Ba na barinsa ya sauka ƙasa da 12.2, domin irin wannan batirin in ana tatse shi ƙarƙaf ba ya daɗewa. Mutuwar ta tsaya, layukan allon ma sun ɓace tunda ta rabu da wutar inji.

Inda nake da ƙorafi shi ne fulogin bayanta. Ƙusoshinsa sirara ne ƙwarai, in yaro ya tura shi a karkace sai ɗaya ya lanƙwashe, kuma wayar ba ta samuwa a kasuwarmu sai an yi saƙo. Wayar wutar ma gajeriya ce ga dogon jirgin katako irin namu, abin da ke sa mutane yin ƙari da duk wayar da suka samu. Da ƙaramin batiri a gefenta wannan bai ƙara damuna ba.

Mai kwalekwale da filafili ma zai iya amfani da ita, shi bai da sitatar da za ta dame shi. A sayi fiyus na ajiya tun ranar farko, a ƙulle shi a leda.