Maniyyin Simmental a kan shanun Bokolo: sharhi bayan an yaye maraƙa

Aikin da zan yi sharhi a kansa shi ne barbarar zamani, wadda ma'aikacin lafiyar dabbobi ke zuwa har garke da tulun sanyi, ya ɗura wa saniya maniyyin bijimin ƙasar waje. Na sa an yi wa shanuna Bokolo a nan Sakkwato, galibi da maniyyin Simmental, kaɗan da na Brahman, kuma maraƙan sun riga sun wuce yaye. Nauyin da ake kururutawa cewa irin waɗannan maraƙa na yi gaskiya ne. Sai dai nauyi ne na mai shanu a ɗaure, mai harawa da dusa a ajiye. Wanda garkensa ke yin kudu da rani, kuɗinsa kawai zai zubar.

Bokolo ba saniyar raini ba ce. Ga jiki, ga nono, ga sanyin hali, ga jure zafin Afrilu da Mayu lokacin da ma'auni ke haura 40. Aibinta jinkirin girma, shi ya sa ake neman bijimin da ɗansa zai tara nama a cinya da gadon baya da wuri. Simmental, ɗan asalin Suwizalan, ya yi wannan aikin. Brahman kuwa, da aka samar a Amurka daga shanun Indiya, mai tozo ne kamar namu, don haka ɗansa ya fi jure rana, amma ƙarin girman bai kai na Simmental ba, domin jinin da ya fi nisa da juna shi ya fi ba da ƙarfi idan aka gauraya. Akwai kuma darasin Kamaru: a tashar Wakwa kusa da Ngaundare, tun shekarun 1950 aka haɗa Brahman da Gudalin Adamawa, aka sami shanu masu jiki, sai kirci ya addabe su. Mu ba mu kai su damshi ba, amma mai kiwo a bakin fadama ya riƙe wannan. A sauran irin shanun waje, Charolais ɗansa ya cika girma tun a ciki. Angus baƙi ne, baƙin gashi kuwa a ranar Sakkwato azaba ce.

Maniyyin yana zuwa ne a cikin siririn tsinken roba mai cin rabin mililita ko kwata, an buga sunan bijimin da irinsa da lambarsa a jiki. Ka ce a nuna maka, ka rubuta lambar, ka kuma nemi takardar bijimin. Abu uku ake dubawa: sauƙin haihuwar 'ya'yansa, nauyinsu ranar haihuwa, da nauyinsu lokacin yaye, wanda a Amurka ake lissafawa a kwana 205. Kowa na ukun yake rububi, alhali na farkon ne ke ceton saniya. Maraƙin Bokolo kilo ashirin da 'yan kai ne a haihuwa, na Simmental tsantsa yakan kai 40. Saboda haka kada a soma da karsana, a zaɓi saniyar da ta haihu sau biyu ko uku ba tare da an ja mata ɗa ba.

Inda aikin ya fi ba ni haushi shi ne wajen riƙon maniyyin. Ruwan naitirojin da ke cikin tulu yana kan digiri 196 ƙasa da sifili, kuma duk lokacin da aka ɗago kwandon tsinkayen sama da wuyan tulu ana tsayawa hira, ana kashe na sauran mutane ne ba a sani ba. Narkarwa ana yin ta a ruwa mai ɗumin digiri 35 zuwa 37, daƙiƙa 30 zuwa 40, a goge tsinken ya bushe don ɗigon ruwa na kashe maniyyi, a ɗura kafin minti 15. A zuwan farko babu ma'aunin zafi aka zo, da yatsa ake gwada ruwan, kuma an so a shafa sabulu a safar hannu, wanda shi ma guba ne ga maniyyi. Ma'aunin nan ba tsada gare shi ba, ka sayi naka ka ajiye da fulas. Wurin zubawa kuma jikin mahaifa ne, daidai inda aka ƙetare bakinta. Na saniya mai tozo yakan zo da kauri da lanƙwasa, wanda hannunsa bai faɗa ba sai ya zube a hanya ya ce an gama.

Rabin laifin kuma namu ne, masu shanu. Saniya na neman bijimi duk kwana 21, wani lokaci 18 zuwa 24, kuma tabbatacciyar alama ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta. Yauƙi mai kama da farin ƙwai da yawan kuka biye suke. Wadda aka gani da safe a ɗura mata da yamma, ta yamma kuma washegari da safe. Matsalar, neman shanunmu gajere ne kuma yakan faɗo cikin dare, sai an sa yaro ya tsaya rabin awa bayan asuba da kuma gab da magariba, ba abin da yake yi sai kallo. Allurar haɗa lokacin neman bijimi ta furostagilandin, sau biyu da tazarar kwana 11, tana sa su nema cikin kwana biyu zuwa biyar. Amma tana zubar da ciki, don haka dole a sa hannu a duba kowace saniya tukuna, kuma ba ta aiki a kan ramammiya. Ko da komai ya tafi daidai, kusan rabi ne ke ɗauka a karon farko, ka yi kasafin zuwa biyu. A kwana 60 a duba ciki.

Lokacin da ya fi shi ne Satumba zuwa Oktoba, shanu sun ƙoshi, zafi ya sauka. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, haihuwa sai ta faɗo Yuni ko Yuli, ciyawa na tsirowa.

Daga nan sai ciyarwa, a nan ne ake gane wa ya shirya. Maraƙi ya sha dakashi cikin awa shida na farko. Idan matan gida za su ci gaba da tatsa kamar yadda aka saba, a bar masa aƙalla hantsa biyu, in ba haka ba ruwa-biyun zai tsumbure ya koma baya da ɗan Bokolo tsantsa, don shi ba ya yafe yunwa. Bayan yaye yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa kullum. Mai kilo 200 ke nan zai ci kilo biyar zuwa shida: harawar wake ko ta gyaɗa kilo uku zuwa huɗu, sauran dusa da angurya ko ƙuli, ga gishirin lasa da ruwa a inuwa. A ƙara dusa sannu a hankali cikin mako biyu, kumburin ciki da zawo daga gaggawa suke zuwa. Kaska ta fi kama su fiye da Bokolo, wanka da maganinta ba fashi da damina, haka rigakafin ciwon huhu duk shekara, da maganin hanta ga masu kiwo a fadama.

Kada ka yarda da ido wajen nauyi. Da tef ɗin tela, auna kewayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ƙashin gindi, duk da santimita. Ninka kewayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 10,840. Kewaye 150 da tsawo 130 zai ba ka kusan kilo 270. Ƙiyasi ne, amma idan ana yi duk wata zai nuna maka ko abincin na shiga.

Kasuwa ita ma da nata. A Kara ko Achida ko Illela da ido ake yin ciniki, ba da sikeli ba, kuma ɗan Simmental tozonsa ƙarami ne, yakan zo ja da farar fuska. Mai layya tozo da ƙasaita yake kallo, dillali kuma zai kama wannan ya rage maka. Mahaucin da ya taɓa feɗe irinsa da masu lodin Legas su ne ke biyan naman cinyar.

Shawarata a tsaya a rabin jini. 'Yar ruwa-biyu idan aka sake ɗura mata Simmental, ɗanta ya zama kashi uku cikin huɗu na waje, gashi ya yi kauri, haki ya tashi tun hantsi. A mayar da ita ga nagartaccen bijimin Bokolo. Haɗa ruwa-biyu da ruwa-biyu kuma yana zubar da rabin ƙarfin gaurayen, 'ya'yan su fito wani dogo wani gajere.

Bijimin da zai bi waɗanda ba su ɗauka ba, shi ma a tantance shi. A sa shi ya yi tafiya a ga ƙafafun baya, don su ke ɗaukar nauyinsa wajen hawa. Maraina su zama daidai da juna, ba tauri ba laushi. Ma'aunin shanun waje shi ne kewayen santimita 30 a wata 15, 34 bayan shekara biyu, amma namu na jinkirin balaga, sai a gwada shi da tsararsa. A guji mai fatar cibiya da ta yi reto sosai, ƙaya da ƙarangiya za su ji masa. A nemi likita, ko a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ɗauki jini don bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, ya kuma duba maniyyin: aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙwayoyinsa masu tafiya gaba, kashi 70 masu kyan sura. Bijimin da ya yi zazzaɓi a ba shi wata biyu, don kusan kwana 60 maniyyi ke ɗauka kafin ya nuna, kuma ko lafiyayye ne kada a haɗa masa fiye da shanu 25.