Safar hannun yara a hunturu: wacce za a saya don kada ta ɓace kafin sanyi ya wuce

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga hamada, sanyin asuba a Katsina kan sauka ƙasa da digiri 15. Yaron da aka ɗora a babur zuwa makaranta da sassafe, hannunsa ne ke fara shan wuya: yatsu su sandare, fata ta bushe, bayan hannu ya tsattsage. Shi ya sa iyaye da yawa ke haɗa safar hannu da rigar sanyi da hula. Sai dai ƙorafin kowa ɗaya ne, an saya yau, jibi saura guda.

Safar hannu ba ta faɗuwa daga hannun yaro haka kawai, sai dai in ta yi masa yawa. Cire ta ake yi, kuma yaranmu suna da dalilan cirewa fiye da yaran Turai da aka yi ta dominsu. Za a yi alwala, za a riƙe alƙalami a rubuta allo, za a sa hannu a ci ƙosai, za a zaga bayi. Ga shi da hantsi ya ɗaga rana ta buɗe, sanyin ya ja baya, yaro ya ji gumi ya tuɓe ya ajiye a kan dakali ko cikin yashi. Don haka abin da ya kamata mai saye ya tambayi kansa a gaban mai kaya shi ne: in yaron ya cire ta, ina za ta zauna?

Tsohuwar dabara, wadda masu saƙa da kwarashi suka fi yi, ita ce dogon zare. A ɗaure safa ɗaya a kowane baki, a zura zaren ta hannun rigar sanyi, ya bi ta bayan wuya ya fito ta ɗaya hannun. Wajen hana ɓata babu kamarta, kuma kusan kyauta ce. Amma ni ba na ba da shawararta ga ƙananan yara, kuma da gaske nake. Zare mai tsawon hannuwa biyu yana iya naɗe wuya in an tuɓe rigar an bar yaro yana wasa da shi, ko in ya yi barci da ita, ko wani yaro ya ja ɓangare ɗaya a wajen kokawa. A Amurka tun 1996 hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi ta yi gargaɗi a kan igiyoyin da ake sa wa wuya da hular rigunan yara, bayan an samu yaran da suka shaƙe. Ƙasashen Tarayyar Turai ma sun hana irin waɗannan igiyoyi a wuyan tufafin yara 'yan ƙasa da shekara 7. Dokokin a kan igiyar riga aka yi su, amma haɗarin iri ɗaya ne. A nan kuma muna da ƙarin abin tsoro: safar da ke reto a dogon zare tana iya shiga tayar babur ko ta faɗa kaskon gawayi. Duk wadda ta dage sai ta yi zaren, to ta ɗinke shi a jikin rigar ta ciki, a tsakiyar baya da kuma kusa da bakin kowane hannu, yadda abin da zai fito waje ba zai wuce tsawon yatsa ba.

Akwai maƙalin ƙarfe mai haƙora, guntuwar roba da baki biyu, ɗaya ya kama riga ɗaya ya kama safa. Ana ganinsa a shagunan kayan jarirai da wajen masu sayarwa ta intanet. Yana da kyau a kan riga mai kauri irin ta leda, amma a kan suwaita haƙoran suna jan zare har su huda ta, kuma yaro mai wayo yakan koyi ɓalle shi ya mayar da shi abin wasa. In za ki saya, ki maƙala shi a bakin mayafinki ki ja da ƙarfi tun a shagon. Wanda ya zame a hannunki, a hannun yaro ma zai zame. Fil kuwa kada a fara, in ya buɗe sai ya soki yaro.

Abin da na fi yarda da shi ba a kanti ake sayensa ba, tela ne ke yin sa. A ɗinka babban maɓalli a cikin bakin hannun rigar sanyi, sannan a yi wa kowace safa ɗan kewaye na robar wando wanda maɓallin zai shiga. Yaro ya zare hannunsa ya yi alwala, safar tana nan rataye a wuyan hannunsa, ya gama ya goge ya mayar. Ranar wanki a ɓalle ta. Babu abin da ke ratsa wuya, babu ƙarfe, kuma duk telan unguwa zai iya, kai ko uwar gida da zare da allura. Sharaɗi biyu ne kawai: maɓallin ya zama babba, a kuma ɗinke shi tamau, domin yaro ɗan ƙasa da shekara 3 duk abin da ya ɓalle baki yake kai shi. Raunin dabarar shi ne safar ta zama ta riga ɗaya, sai dai a sa maɓalli a duk rigunan sanyin yaron.

Sai ita safar kanta. Ga jariri da ɗan yaye, ku nemi rigar da bakin hannunta ke naɗowa ya rufe yatsu, ana samunta sosai a gwanjo, kuma babu abin da zai ɓata. Ɗan shekara 2 zuwa 4, mai dunƙule ta fi, wadda babban yatsa ne kaɗai ke da gidansa. Ta fi ɗumi saboda yatsu suna haɗe, kuma ba a ɓata lokaci wajen neman gidan kowane yatsa. Ɗan firamare da ɗan Islamiyya kuwa, mai yankakkun yatsu da murfi ta dace da shi, domin zai rubuta, ya buɗe littafi, ya ƙirga kuɗin tara ba tare da ya cire ba. Ko wacce iri ce, a duba wuyanta ya zama dogo mai kamawa, ya shige ƙarƙashin hannun riga. Kada a sayi babba wai don ta kai baɗi.

Ku karanta ɗan ƙyallen da ke ciki in akwai. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne, kuma in ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Gidan da yara ke zagaye murhu suna jin ɗumi, a nemi ulu na gaske ko auduga mai kauri, ko a kafa doka cewa ba a zuwa bakin wuta da safa a hannu.

Gidan da ke da yara da yawa kuma, akwai hanya mai sauƙi. A shiga Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu, ko Mai'adua ga mutanen Daura, tun a watan Nuwamba kafin kaya su yi tsada, a sayi masu talewar nan da ba su da dama da hagu, duk launi ɗaya, ƙafa huɗu ko biyar. Ɗaya ta ɓata, a ɗauko wata a haɗa. Launin ya zama mai haske, ja ko ruwan lemo, saboda ruwan ƙasa da toka-toka sajewa suke yi da ƙurar hunturu. A ɗinka harafin farko na sunan yaro da zare a wuyanta, domin alƙalamin rubutu wanki biyu yake fita, kuma a aji ɗaya za a iya samun yara da dama da irin safar. A gwanjo kuwa a gwada biyun a jere kafin a biya, don dila kan zo da waɗanda suka yi kama amma ɗaya ta fi ɗaya girma.