Me za a saya wa ɗan ajin taminal don ya iya lissafin IPP?

Duk shekara idan jarrabawar bakaloriya ta matso, iyaye a Garwa da Marwa sukan tambaye ni abin da ya kamata su saya wa yaransu na ajin taminal C ko D, wato ajin ƙarshe na sakandare a ɓangaren kimiyya, waɗanda lissafin intigiral (lissafin faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi) ya gagara, musamman dabarar raba shi kashi biyu da ɗalibai suke kira IPP, gajartawar intégration par parties a Faransanci. Zaɓin bai wuce huɗu ba: kundin tsofaffin tambayoyin jarrabawa mai gyara, kalkuleta, manhajar waya, ko malamin gida.

Kafin a cire ko dala ɗaya, ya kamata a san inda wahalar take. Ƙa'idar gajera ce, kuma tsohuwa ce, domin Brook Taylor na Ingila ya bayyana ta tun 1715: intigiral na u sau v′ daidai yake da u sau v, a debe intigiral na u′ sau v. A nan u da v su ne kashi biyun da aka raba lissafin, ɗan karan da ke kan u′ da v′ kuma yana nuna saurin canjin kowannensu. Kowane yaro yana iya haddace wannan cikin yini guda. Abin da yake kayar da su shi ne zaɓen wanda zai zama u. A intigiral na x sau eˣ, idan aka ɗauki x a matsayin u, aikin yana ƙarewa cikin layi uku, amsar daga 0 zuwa 1 kuwa ita ce 1. Idan aka juya, sai x² ya bayyana, lissafin ya fi na farko tsauri.

Wannan ne ya sa na fi son kundin tsofaffin tambayoyi, amma mai cikakken gyara, wanda yake rubuta u da v′ da u′ da v a fili kafin ya shiga aiki, ya kuma faɗi dalilin zaɓinsa. Mai saye ya buɗe babin intigiral tun yana gaban mai shago, ya nemi abu uku. Shin littafin ya nuna yadda ake yin ln x shi kaɗai, inda ake ɗaukar 1 a matsayin v′ har a samu x ln x − x? Shin ya kawo x² sau eˣ, wanda sai an maimaita dabarar sau biyu? Shin akwai eˣ sau sin x, inda intigiral ɗin farko yake dawowa bayan zagaye na biyu, a tsallakar da shi ɗaya ɓangaren a raba da 2? Littafin da ya tattara waɗannan ya cancanci kuɗinsa.

Kalkuleta irin Casio fx-991ES Plus tana da amfani wajen tabbatar da amsa kawai. A intigiral na x² sau eˣ daga 0 zuwa 1, za ta ba da 0,718 alhali mai gyaran takarda e − 2 yake nema tare da matakansa. Manhajar waya tana sa yaro kwafa ba tare da tunani ba. Malamin gida kuwa sai wanda aljihunsa zai ɗauka duk wata.

Babban abin da nake jan kunne a kansa shi ne jabu. Akwai ƴan takardun fotokwafi da ake sayarwa a bakin makarantu da kasuwanni, ba sunan marubuci, ba na maɗaba'a, an kwafa daga kwafi har tawada ta dushe. A irin waɗannan, alamar debewa da ɗan karan da yake bambanta u′ da u su ne suke fara ɓacewa, su kuwa ne ran wannan lissafi. Na taɓa koyar da yarinya mai ƙoƙari da ta shafe zango guda tana tarawa inda ya kamata ta debe, domin abin da takardarta ta nuna mata ke nan, kuma cire wannan daga kanta ya fi koya mata sabon darasi wuya. Wasu ma bangon littafin gaske suke mannawa a kan irin wannan kwafi, don haka a duba shafukan ciki da hasken rana, kada a yarda da wanda aka naɗe a leda aka hana buɗewa. Haka kalkuleta ma tana da jabu mai kama da ta asali. A sa mai shago ya buga intigiral na ln x daga 1 zuwa e, idan ba ta ba da 1 ba, a ajiye masa kayansa.