Tsohuwar tsabar kuɗi: inda za a saya da yadda za a gane jabu

Wanda duk ya fara tara tsofaffin kuɗi a ƙasar Hausa ba zai daɗe ba zai ci karo da azurfar Maria Theresa, wato tsabar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Borno har Habasha da ƙasashen Larabawa. Shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, domin bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara an ci gaba da buga ta da lambar nan a Biyana, daga baya kuma a Landan da Paris da Rum da Bombay, har yawanta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Saboda haka yawancinta darajar azurfar da ke cikinta ce darajarta, kuma mai saye ya yi ciniki a kan haka.

Hanya mafi sauƙi ita ce saye hannu da hannu wajen masu kayan tarihi ko maƙeran azurfa, kuma ni na fi son ta ga irin wannan tsaba, saboda mutum yana iya gwadawa kafin ya biya. Ta gaske nauyinta giram 28.07 ne, faɗinta wajen milimita 40, azurfarta kashi 833 cikin 1000. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma rashin kamawarsa ba hujja ba ce, tun da jan ƙarfe da darma ma ba ya kama su. Abin dogaro shi ne a haɗa sikeli da awon faɗi da kauri, domin jan ƙarfe ya fi azurfa sauƙi, sai mai jabu ya ƙara kauri kafin nauyi ya cika. Sannan a juya gefenta: ta gaske tana da rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA da ya fito sarai, ta zubi kuwa haruffanta a dusashe suke, da ƙananan ramuka a fuska, wani lokaci da layin haɗi inda aka goge. Gwajin ruwan asid yana ɓata tsaba, kada a yarda da shi.

Tsabar gaske da aka yi wa sauyi ta fi jabu wuyar ganewa, domin sikeli ba zai nuna komai ba. A kuɗin Turawa na Afirka ta Yamma, irin su anini da kwabo mai huji da sule, ƙananan haruffan H da KN suna nuna masana'antar da ta buga su a Birmingham, kuma a wasu shekaru harafin ne ke raba mai tsada da mai araha. Ana iya kankare harafi ko a manna shi, shi ya sa ake duba kewayensa da gilashi mai ƙara girma sau goma, a nemi karce ko sauyin launi. Ga kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ake yawan zuzutawa: na gaske ne, amma an buga shi da yawa, bai cancanci kuɗi mai nauyi ba.

Saye ta intanet daga hoto kaɗai shi ne mafi haɗari, sai in akwai alkawarin mayar da kuɗi a rubuce.

Idan tsabar mai tsada ce ƙwarai, gara a nemi wadda kamfanin tantancewa irin PCGS ko NGC na Amurka ya duba ya rufe a cikin roba da lamba. Farashinta ya fi, kuma tantancewar ba ta da amfani ga tsabar da kuɗin tantancewa ya fi ta daraja. Robar ma ana yin jabunta, don haka a shigar da lambar a shafin kamfanin, a gwama bayanin da hoton, in akwai, da abin da ke hannu kafin a miƙa kuɗi.