Ƙwallo mai ɗigon kore da bugun tafin hannu a kan gajerar ƙwallo

Masu sayar da ita suna kiranta ƙwallon yara, kuma da wannan suna ne 'yan tenis na Damagaram suka san ƙwallo mai ɗigon kore, waɗanda ma suka santa ke nan. A ganina, babban mutumin da bugun tafin hannunsa (wato bugun da tafin hannu ke fuskantar ƙwallo) ke lalacewa duk lokacin da ƙwallo ta faɗo kusa da raga ta ƙi tashi ya fi yaro bukatarta, kuma a kan wannan aiki kaɗai zan auna ta.

Hukumar tenis ta duniya, wato ITF, ta kasa ƙwallayen koyo gida uku, ja da ruwan lemo da kore, kuma tun shekarar 2012 ta wajabta amfani da su a gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa. Mai ɗigon kore ce ta fi kusa da ta manya, domin girmansu kusan ɗaya ne, sai dai nauyinta yana tsakanin giram 47 da 51.5, alhali ta manya tana tsakanin 56 da 59.4. Idan aka sako ta manya daga tsayin santimita 254 takan tashi santimita 135 zuwa 147, ita kuwa ba ta wuce 120 zuwa 135, sannan gudunta ya ragu da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Kamfanoni irin su Wilson da Babolat da Head duk suna yin ta bisa wannan ma'auni.

Wannan ɗan bambanci yana da nauyi a wurinmu saboda yanayin da muke wasa a ciki. A kan daɓen siminti, ga zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40, iskar da ke cikin sabuwar ƙwallo takan buɗe ta riƙa tsalle har kafaɗa, shi ya sa matasanmu da yawa suka saba da riƙon da tafin hannu ke komawa ƙarƙashin ƙotar raket. Riƙo ne mai daɗi ga ƙwallo mai tashi, amma da zarar abokin karawa ya yanko ƙwallo, wato ya goge ta daga sama zuwa ƙasa, ta faɗi gaban layin sabis, wanda ke mita 6.40 daga raga, sai fuskar raket ta kife, ƙwallo ta shige raga, ko kuma mutum ya ɗaga ta da wuyan hannu ta wuce layin baya. Raga tana da tsayin kimanin santimita 91 a tsakiya, ƙwallon kuwa tana daidai gwiwa, filin da ya rage a gaba kuma ya gajarta, saboda haka dole ne ta hau sama ta kuma sauko da wuri.

A nan ne mai ɗigon kore ta biya kuɗinta. Idan mai horarwa ya tsaya kusa da raga yana jeho ta da hannu, tana faɗuwa ƙasa-ƙasa a kowane jifa, kuma jinkirinta yana ba ɗan wasa damar yin abubuwan da gaggawa ke hana shi yi: ya taho da gudu, ya rage taku zuwa ƙanana kafin ya isa, ya sa ƙafar hagu gaba idan badamme ne, ya lanƙwasa gwiwa har cinya ta ji, maimakon ya sunkuya daga ƙugu kamar mai tsintar gyaɗa a gona. Daga nan sai ya rage jan raket zuwa baya, ya bar kanta ya sauka ƙasa da ƙwallo, ya goge ta daga ƙasa zuwa sama domin ta juya gaba. Na lura cewa saboda ba ta da nauyi, ba ta tafiya da kanta idan aka taɓa ta kawai, dole ne hannu ya bi ta har ƙarshe, kuma wannan yana warkar da ɗabi'ar tsayar da bugu a tsakiya don tsoron fitar da ƙwallo. Wanda ya kalli gwarzon tenis Rafael Nadal yana ƙarasa irin wannan bugu da raket a saman kansa zai gane abin da ake nufi da hawa sama da sauri, ko da yake ba sai mai koyo ya kai can ba.

Wani zai ce tsofaffin ƙwallayen da suka sace su ma ba sa tashi, kuma kyauta ne. Gaskiya ne ba sa tashi, amma kowace da irin mutuwarta, wata ta tashi wata ta kwanta, sannan nauyinsu yana nan, suna dukan gwiwar hannu. Mai koyo yana bukatar ƙwallon da za ta maimaita masa hali ɗaya har jikinsa ya riƙe.

Tana da aibu, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska tana kaɗa ta fiye da ta manya, ƙura kuma tana shiga gashinta, don haka atisayen sassafe ko na dab da magariba ya fi. Siminti mai kaushi yana cinye gashin da wuri, ɗigon ma yakan goge har ta ɓace cikin sauran ƙwallaye a kwando. Babban haɗarin shi ne sabo, domin wanda ya daɗe a kanta yakan makara idan ta manya ta dawo da gudunta, musamman yankakkiyar ƙwallo mai sulɓewa a ƙasa, wadda mai ɗigon kore ba ta iya kwaikwayon ta sosai. Shawarata ita ce a fara atisaye da ita, a ƙarasa da ta manya a rana guda, ana auna bugun ta gefen layi ana bin sa zuwa raga, domin ƙwallon da ke ƙasa da raga ta shiri ce, ba a neman kashe maki da ita.

Samunta ma sai da ɗan ƙoƙari, don ba kasafai ake ganin ta a shagunan garin nan ba, galibi sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano. Mai yin saƙon ya tabbatar an duba ɗigon kore ko rubutun mataki na 1 a jikin gwangwani ko leda, kada a kawo masa mai ruwan lemo, wadda aka yi don ƙaramin fili kuma ta yi wa babba sanyi da yawa.