Gargaɗi ga masu neman kayan gyaran tsohuwar Fijo 504

Jama'a, musamman masu riƙe da Fijo 504 da bakanikan da ke yi musu aiki, a kula da wasu da suka ɓullo a Facebook da zaurukan WhatsApp suna tallar kayan gyara. Maganarsu kusan iri ɗaya ce: wai suna da "ragowar kayan sito" na kamfanin da ya harhaɗa Fijo a Kaduna, sababbi dal cikin kwali, ko kuma kaya 'yan Beljiyam da aka sauke a Kwatano. Sunan kamfanin kawai suke ara don ya sa a amince da su. Kamfanin Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Shi ya sa mutane ke saurin yarda cewa akwai sauran kaya a ɓoye wani wuri.

Babbar ƙaryar da suke cin kasuwa da ita ita ce "ai 504 duk ɗaya ce, zai shiga." Wannan magana ba ta da tushe, kuma duk wanda ya faɗa maka ita, ko dai bai san motar ba, ko yana son ya yi maka sakiyar da ba ruwa. An ƙera 504 tun 1968, a ƙasashe da dama, kuma kowace ta yi nata canje-canje. Injin fetur kaɗai iri biyu ne aka fi gani. Akwai XM7 mai 1796cc, faɗin fistinsa milimita 84, akwai kuma XN1 mai 1971cc, faɗin fistinsa milimita 88. A hoto ba ka iya bambance su. Sai kaya sun iso, bakanike ya buɗe inji, sannan a ga fistin da ringi da hannun riga (bututun da fistin ke gudu a ciki) duk ba na motar ba ne. Injin tsohuwar 404 mai 1618cc ma faɗin fistinsa 84 ne, don haka akwai masu tura kayan 404 da sunan na 504, alhali tafiyar fistin ba ɗaya ba ce. Ƙafar baya ma haka take. Wasu salun kowace taya tana da nata hannu da birkin faifai, ita kuwa wagon da akori-kura aksil guda ne da birkin ganga, akori-kurar kuma a kan sifirin mai ganye take zaune. Ga masu giya a sitiyari, ga masu giya a ƙasa, sandunan da ke haɗa su da giyabos daban-daban ne.

Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ka san motarka. Buɗe bonet ka nemo farantin ƙarfen da kamfani ya buga, ka kwafe samfurin mota da lambar shasi. Ka kankare bakin man da ya daskare a jikin bulon inji ka karanta lambar inji, domin motar da ta shekara 30 ko 40 a hanya da wuya a ce injinta na asali ne a ciki. Takardun mota na iya cewa abu ɗaya, ƙarfen ya ce wani. Ƙarfen za ka bi.

Sai kayan da aka yi wa kwalliya. Wannan ya fi ciwo, don kaya suna isowa, kuma idanu suna ganin sun yi kyau. Kafireta Solex da ta gama aiki za su wanke da fetur, su fesa mata fenti ruwan azurfa, su sa a kwali. Ka kama sandar da ke buɗe maƙogwaronta ka girgiza. In tana wasa gefe da gefe, ta ci, za ta riƙa shan iska ta nan, silo, wato aikin inji lokacin da mota ke tsaye ba a taka totur ba, ba zai taɓa zama ba komai gyaran da aka yi. Distributa ma a girgiza sandar tsakiya a gani. Kan silinda na 504 alminiyam ne, yana lanƙwashewa in inji ya yi zafi, su kuma sai su kai a goge fuskarsa har ya wuce ƙa'ida, ko a yi masa walda a tsagewar da ke tsakanin mazaunin bawul. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa a duba ko haske na wucewa, a duba alamar walda da kyau. Wanda ya ɗaura irin wannan, cikin 'yan kwanaki zai ga ruwa ya gauraya da bakin mai ya zama kamar kunu, gaskit sabo ya tafi a banza. Giyabos kuwa a kwance noti na zubar da mai a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe.

Fitilun gaba suna daga cikin abin da aka fi yaudarar mutane da shi. Na asali za ka ga sunan mai ƙera su, irin su Cibié ko SEV Marchal, a cikin jikin gilashin, ba sitika ba. Madubin ciki in ya mutu sai su fesa masa fenti, da rana yana sheƙi, da dare ba haske. A kuma tambayi daga wace ƙasa fitilar ta fito. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, fitilar da aka yi don Ingila ko Kenya kuwa haskenta ɗaya gefen yake karkata, yana kashe idon mai tahowa. Fitilun bayan 504 ta Ajantina ta ƙarshe-ƙarshe ba sa hawa jikin tamu, amma hotunansu sun cika tallace-tallacen nan.

Ko da kaya sun tabbata tsofaffin ajiya ne na gaske, duk abin da yake roba ne a bar shi: robobin mastar birki, tiyon birki, tiyon lagireto, sil. Roba tana bushewa a ajiye, ta tsage ranar da aka taka birki da ƙarfi. Irin waɗannan a sayi sabon yi daga shagon da aka sani.

Akwai kuma waɗanda ba su da ko noti. Hotuna suke kwasowa daga shafukan sayar da kaya na Turai, su nemi kafin alƙalami, su turo hoton rasit ɗin tasha na bogi. Washegari sai a ce kwastam sun riƙe kaya ko direba na neman ƙari, a sake tura kuɗi, daga nan waya ta mutu. Gwajinsu ba wuya. Ka sa hoton a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga ko ya taɓa fitowa wani wuri. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan, ya juya su ka ga lambar da aka buga, ya auna fistin da abin awo kana kallo. In ya ce kyamara ta lalace, ko yaronsa ne ke shago, ko wani na shirin saye yanzu sai ka yi sauri, ka janye. In sunan da ke kan akawun ya bambanta da na mai tallar, kada ka tura ko sisi.

Wanda ya ce shagonsa na Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ya faɗi layi da lambar shago, ka tura bakaniken da ka yarda da shi ɗauke da tsohon kayan da aka kwance a gwada su gefe da gefe, a biya a wurin, a karɓi rasit mai sharaɗin mayarwa in bai hau ba. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya ajiye hoton hirar da lambar akawun da shaidar tura kuɗin, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC, sannan ya sanar da shugabannin zauren da aka yi tallar su cire ta.