Takardar shaidar gudanar da aiki: wacce ta dace da ma'aikacin karkara?

Duk mai bibiyar tallan guraben aiki na ƙungiyoyin agaji da shirye-shiryen raya karkara a Kano da Jigawa ya san layin nan da ake maƙalawa can ƙasa, cewa mai takardar shaidar gudanar da aiki zai samu fifiko. Malamin gona a Bunkure, jami'ar lafiya a Jahun, injiniyan ƙaramar hukuma a Ringim, kowa na son ya tashi daga mai cike fom a ƙauye ya koma mai riƙe da aikin ɗungurungum. Kuma ayyukan suna nan. ACReSAL kaɗai, shirin farfaɗo da ƙasar noma da jure sauyin yanayi wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, dala miliyan 700 ne na jihohin Arewa 19 da Abuja, ga AGILE na karatun 'yan mata, ga ƙungiyoyin da ke aikin abinci mai gina jiki da ruwan sha. To wace takarda za ka nema da albashin da bai kai ƙarshen wata?

Ni dai ba zan ɓoye ba, Project DPro nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Tsofaffin ma'aikata sun fi saninta da PMD Pro, sunan da ta fito da shi a 2010 kafin a sauya a 2020. Ƙungiyar PM4NGOs ce ke riƙe da ita, kuma tun farko don ma'aikatan raya ƙasa da na agaji aka tsara ta. Littafinta kyauta ne, ka sauke a waya ka karanta a gindin darbejiya. Akwai darussanta kyauta a Kaya, wani dandalin koyo na intanet. Jarrabawar matakin farko tambayoyi 75 ne na zaɓi, ana neman ka ci kashi 65 cikin 100, kuma ba a tambayarka shekara nawa ka yi kana aiki ko wane digiri gare ka. Kuɗinta da dala ne ita ma, amma bai kama ƙafar na sauran ba.

Ba arahar ce ta sa na fi son ta ba. Abin da ke cikinta shi ne abin da ake tambaya a tebur ranar intabiyu, kuma shi ne ciwon kan da za ka tarar a fili. Ɗauki aikin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Kafin a kawo motar haƙa, littafin zai sa ka zana bishiyar matsala: rashin ruwa ne asalin ciwon, ko kuwa akwai fanfuna uku a garin da suka lalace saboda babu wanda aka ɗora wa gyara? Idan na biyun ne, sabuwar rijiya za ta bi sahun 'yan'uwanta cikin shekara biyu. Daga nan sai lissafin masu ruwa da tsaki, wato wa ke da iko, wa ke da buƙata. Dagaci yana son rijiyar kusa da ƙofar gidansa, matan da ke ɗibar ruwan suna ɗaya gefen garin, Fulanin ruga na shayar da shanu a wurin, 'yan ga-ruwa kuma suna ganin za a kashe musu sana'a. Wanda bai zauna da waɗannan mutanen ba, ranar buɗe rijiya zai sha tafi, bayan wata uku ya ji an kwance farantan sola.

Sai jadawalin nan da 'yan ofis ke kira logfirem, mai ɗaure manufa da sakamako da ayyuka da ma'aunin da za a gane an yi nasara. Masu ba da tallafi da shi suke magana. Ka iya cika shi, ka iya rubuta haɗarin da ka hango, misali hanya za ta yanke a Agusta ko ambaliya ta rufe gonaki wajen Auyo, ka kuma tsara jadawalinka yadda rabon iri ba zai zo bayan an gama shuka ba, to ka wuce rabin waɗanda za ku zauna layin intabiyu tare. Bayan Project DPro akwai takardar MEAL DPro ga mai son ɓangaren bin diddigi da auna sakamako, wanda guraben aikinsa ba sa yankewa. Aibin Project DPro ɗaya ne: a kamfanin gine-gine ko banki ko kamfanin sadarwa, da wuya manaja ya taɓa jin sunanta.

A can takardar PMP, ta ƙwararrun masu gudanar da aiki, ce sarauniya. Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969, ita ke bayar da ita tun 1984. Sharuɗɗanta ba wasa ba ne: mai digiri sai ya nuna wata 36 yana jagorantar aiki, marar digiri wata 60, sannan awa 35 na horo. Suna kuma iya tsamo takardar mutum su ce ya kawo hujja da sa hannun shugabansa. Jarrabawar tambayoyi 180 ne, zaman kusan awa huɗu, da Turanci mai murɗiya, inda amsoshi biyu za su yi kama da daidai. Kuɗin ɗaruruwan daloli ne. Bayan ka ci ma ba ka huta ba, duk shekara uku sai ka tara awa 60 na ƙarin ilimi ka biya kuɗin sabuntawa. Wanda ya riga ya riƙe kasafin kuɗi da ma'aikata shekaru, yana hangen kujerar kodineta ta jiha ko aiki a ƙasar waje, ya yi ta, ba zai yi nadama ba. Idan ofis zai biya, ma ya fi. Wanda ya gama bautar ƙasa bara kuwa, ba ma zai cika sharaɗin ba, duk wanda ya ce masa zai iya yana son kuɗinsa ne.

CAPM ƙanwar PMP ce, awa 23 na horo da takardar sakandare sun wadatar, amma hadda ta fi yawa a ciki, kuma ita ma ana sabunta ta. PRINCE2 ta Ingila ce, tun 1996, yanzu tana hannun kamfanin shirya jarrabawa na PeopleCert. Tsari ne mai kyau ga ma'aikatar da kowa ke bin sa, kai kaɗai a sakatariyar ƙaramar hukuma ba inda za ka kai shi. Takardun Scrum na masu ƙera manhajar kwamfuta ne, bar su da su. Kwas ɗin Google da ke dandalin intanet na Coursera yana koyarwa da kyau, sai dai bidiyo ne na watanni, data za ta cinye ka a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. CIPMN kuma, cibiyar masu gudanar da aiki da dokar Najeriya ta kafa a 2018, rajista ce da mai harkar ayyukan gwamnati ya kamata ya san da ita, amma ba ita za ta koya maka zana jadawali ba.

Ma'aunina na farko a yanzu shi ne da wane kuɗi ake biya, kuma sau nawa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara tari don jarrabawa a tsakanin nan ya ga kuɗinsa sun narke a hannu. Takardar da za ta riƙa neman dala a wurinka duk shekara uku, ka lissafa ta har shekara tara kafin ka ce kana so. Na biyu, ina za a zauna jarrabawar? Manyan nan irin su PMP idan ka zaɓi yi daga gida, akwai mai sa ido ta kyamara, ana son ɗaki shiru babu mai shigowa, ga intanet da ba ya yankewa. A gidan da yara ke leƙowa, injin markaɗe na ruri a maƙwabta, wuta kuma sai an ga dama, wannan caca ce. Gara ka shiga mota ka je cibiyar jarrabawa a birni, ka haɗa kuɗin mota da na kwana cikin lissafi.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ƙanwata ma'aikaciyar asibitin karkara ce, ta kwashi adashenta ta kai wa wasu masu horo da suka kama zauren otal a birni kwana biyar. An ci shinkafa da kaza, an ɗauki hoto da riga iri ɗaya. Ta kawo mini takardar cikin firam tana murna: "Yaya, ga shi na zama PMP." Na karɓa na duba. Haruffan uku manya-manya da ruwan zinare, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa ta halarci horon share fage. Shaidar zama a aji ce kawai. Da muka kira su, sai mutumin ya ce ai Hajiya ba ta tambaya ba.

Wannan ita ce damfarar da ta fi yawa, don ba ƙarya suke yi kai tsaye ba. Babu mai horon da ke ba da PMP, PMI kaɗai ke bayarwa, bayan ka cike fom a shafinsu da sunanka ka zauna jarrabawa. Suna da rajista a intanet inda ake neman sunan mai takardar, PeopleCert ma na da wurin tantancewa, kuma masu ɗaukar aiki sun iya dubawa. Ka tambayi mai horon sunansa cikakke ka nema da kanka. Idan ya ce su amintattun abokan PMI ne, jerin amintattun na nan a shafin, ka duba. Idan ya fara kame-kame, ɗauki takalminka.

Sai masu shigowa WhatsApp da lambar ƙasar waje, su ce za su shiga kwamfutarka daga nesa su rubuta maka, ka biya rabi yanzu rabi bayan sakamako. Wasu su gudu da rabin. Waɗanda suka rubuta ɗin ma, in aka gano, soke takardar ake yi a haramta maka sake zama, su kuma suna riƙe da hoton fasfonka da sirrinka. Akwai masu sayar da wai tambayoyin da za su fito, akwai masu alƙawarin ci ɗari bisa ɗari, akwai masu takardar biyan kuɗin jarrabawa a rabin farashi wadda ranar rajista za ka tarar an riga an yi amfani da ita. Ga cibiyoyi masu dogon suna da ke aiko saƙo wai an zaɓe ka babban mamba, ka turo kuɗin riga da hula. Mafi muni su ne masu haɗa horo da alƙawarin gurbin aiki a wata ƙungiyar agaji. Ƙungiyar kirki ba ta sayar da gurbi, tallanta ma yakan faɗi haka.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi abu uku a rubuce: sunan hukumar da za ta ba da takardar, ko kuɗin jarrabawa na cikin abin da za ka biya, da kuma ko rajistar za ta kasance da imel ɗinka ne ko nasu. Asusun da za ka tura kuɗin ya zama na kamfani, kada ya zama na wani mutum. Idan katin bankinka ya ƙi biyan dala, ka je reshen bankin ka tambaya, kada ka miƙa wa wani a shagon intanet lambar sirrinka ya yi maka.